Yadda ake liƙa sassan jan ƙarfe na na'urar hanzarta ƙwayoyin zarra a tanderu marar iska

Na'urar hanzarta ƙwayoyin zarra, ko mai tsawon kilomitoci ce ta binciken kimiyya ko ƙaramar da ke cikin injin gashin ciwon daji a asibiti, abin da ke tsakiyarta sau da yawa ɗaya ne: bututun jan ƙarfe da aka raba ɗaki-ɗaki, aka zuƙe iskar cikinsa, ana cusa masa igiyar rediyo mai ƙarfi tana ingiza ilektiron ko furoton gaba. Irin wannan bututu ba ya sassaƙuwa daga dunƙule guda. Dole a fitar da kowane ɗaki daban, sannan a haɗa. Na'urar SLAC da ke Kalifoniya a Amurka, wadda ta fara aiki a 1966, tsawonta ya kai kusan kilomita 3, kuma fayafai da zobban jan ƙarfe sama da 80,000 aka liƙa kafin ta tsaya.

Walda ba ta yi a nan, domin tana narka jikin ƙarfen, ta lanƙwasa shi, ta bar kaushi a ciki. Liƙin wuta da hoda ma bai yi ba, saboda ragowar hodar za ta yi ta fitar da tururi a wurin da ba a son ko ɗigon iska. Shi ya sa ake sa siririyar wayar gami, wadda take narkewa kafin jan ƙarfe, a tsakanin sassan, a shigar da su tanderun da aka zuƙe wa iska, gamin ya narke ya bi mahaɗa da kansa. Da zarar an rufe ƙofar tanderu, hannunka ya fita daga aikin. Ba gyara, ba ƙari, ba ragi. Don haka yawancin bayanin nan a kan abin da ake yi ne kafin a rufe ƙofar.

Misalin da za mu bi shi ne bututun ilektiron mai aiki da igiyar megahaz 2856, irin na SLAC. Faɗin cikin kowane ɗaki ya ɗan wuce milimita 80. Idan faɗin ya kauce da maikiron ɗaya tak, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita, saitin ɗakin, wato saurin kaɗawar igiyar da yake amsawa, zai gusa da wajen kilohaz 35. Wutar da igiyar ke haifarwa kuma ba ta shiga can cikin ƙarfe. A fatar sama take gudu, zurfin da bai wuce maikiron ɗaya da ɗoriya ba. Duk abin da ya taɓa fuskar ciki ya taɓa aikin na'urar.

Mataki na 1: Zaɓen ƙarfe

Jan ƙarfen da ake so shi ne marar oksijin, mai lamba C10100, wanda ake yi wa laƙabi da OFE. Tsabtarsa kashi 99.99 cikin ɗari ce, oksijin ɗin cikinsa bai wuce kashi 5 cikin miliyan ba. Jan ƙarfen wayar lantarki na kasuwa, C11000, a ido ba ka bambanta su, amma yana ɗauke da oksijin kashi ɗaruruwa cikin miliyan. Idan ya haɗu da haidirojin a zafin da ya wuce digiri 400, oksijin ɗin sai ya zama tururin ruwa a cikin jikin ƙarfen, ya tsattsage shi daga ciki. Ko ba ka da niyyar amfani da haidirojin, kada ka karɓe shi.

Ka nemi takardar shaidar ƙarfen, amma kada ka tsaya a kanta. Yanki ɗan guntu, a goge, a duba a madubin ƙara girma bisa ƙa'idar ASTM F68, a ga ko akwai ƙananan ramuka ko datti a tsakanin tsabar ƙarfen, wato ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka yi jikinsa. Ga manyan sassa an fi son dunƙulen da aka buga ta fuska uku, don sandar da aka ja ta fuska ɗaya tana iya ɓoye siririyar hanya mai bin tsawonta, wadda iska za ta bi bayan an gama komai.

Mataki na 2: Zanen mahaɗa da lissafin waya

Nan ne aka fi yin asara. Narkakken gami yana shiga mahaɗa ne yadda lagwani ke zuƙo kananzir: matsatsin wurin ne ke jan sa, har sama yana hawa. In rata ta yi faɗi, ba zai ja ba. Ga gamin azurfa da jan ƙarfe, ratar da ake nema ita ce daga milimita 0.02 zuwa 0.05, kuma a zafin liƙi ake nufi, ba a kan tebur ba. Jan ƙarfe da jan ƙarfe tare suke buɗewa, don haka ratar ba ta canzawa. Ƙarfe marar tsatsa ma yana kusa da shi. Amma tangaran ɗin alumina ko ƙarfen molibdenom ba sa buɗewa ko rabin yadda jan ƙarfe ke yi, kuma mita ɗaya ta jan ƙarfe tana ƙaruwa da kusan milimita 15 kafin ta kai digiri 800. Sai ka lissafa wane sashe ne a waje, wane ne a ciki, da inda ratar za ta tsaya idan wuta ta kama.

Wayar gamin tana kwanciya ne a cikin kwarmin da aka zagaya a fuskar mahaɗa. Ga yadda ake lissafin ta. A ce mahaɗar zobe ce mai matsakaicin faɗi milimita 90, kaurin fuskarta milimita 5, rata 0.025. Filin fuskar ya kai wajen milimita 1,414 murabba'i, wurin da za a cike kuma wajen milimita 35 kubik na girma. Waya mai kaurin milimita 0.5, idan ta zagaye zoben sau ɗaya, tana ba da kusan 55. Ya isa, har da rarar da za ta yi ɗan gefe mai kyau. Waya mai kaurin 0.8 kuwa tana ba da kusan 142, ninki huɗu na abin da ake bukata. Wanda bai saba ba zai ce gara a sa mai kaurin don kada a sami yoyo. A ganina wannan ya fi ƙarancin gami muni. Mahaɗar da gami bai ishe ta ba ana iya mayar da ita tanderu. Gamin da ya malalo cikin ɗaki kuwa ya rage girman ɗakin, ya gusar da saiti, ya bar tudu mai kaifi inda tartsatsi zai riƙa tashi idan an kunna wuta mai ƙarfi, kuma ba hanyar kankare shi ba tare da ɓata fuskar ba.

Don haka ake barin 'yar fuska matsattsiya ta ɓangaren ciki, inda ƙarfe ke zaune kan ƙarfe ba rata, ita ce ke riƙe tsawon ɗaki daidai, ta kuma tare gamin. Wasu suna ƙara ɗan kwarmi na biyu, wanda babu komai a ciki, don ya kama rarar.

Akwai ƙa'idoji biyu na zane da ba a sassauta su. Kada mahaɗa guda ta zama ita kaɗai ce tsakanin ruwan sanyaya da cikin bututu. A tsara ta yadda in ta yi yoyo, ruwan waje zai fita. Kada kuma a bar wani rufaffen lungu da iska za ta maƙale, kamar ƙasan ramin kusa mai zare. Irin wannan lungu zai yi ta sakin iska kaɗan-kaɗan har tsawon watanni, ka yi ta neman huji ba ka gani. A huda masa 'yar kafa.

Mataki na 3: Zaɓen gami da jeren liƙi

Jan ƙarfe yana narkewa a wajen digiri 1,083, don haka duk gamin da za a zaɓa ƙasa da nan yake. Wanda aka fi amfani da shi shi ne Cusil, azurfa kashi 72 da jan ƙarfe 28, mai narkewa gaba ɗaya a digiri 780. Sama da shi akwai dangin Palcusil da aka ƙara wa faladiyom: mai kashi 5 yana narkewa a wajen 807 zuwa 810, mai kashi 10 daga 824 zuwa 852. Can sama akwai Nioro, zinariya 82 da nikel 18, a wajen 950, sai gamin zinariya da jan ƙarfe: rabi da rabi a 955 zuwa 970, mai zinariya 35 kuma a 990 zuwa 1,010. Duk gamin da ke da zink ko kadmiyom ba ya shiga tanderun nan ko da wasa. Suna tashi tururi tun zafi bai yi nisa ba, su lulluɓe bangon tanderu, su gurɓata duk aikin da zai biyo baya.

Dalilin yawan nau'o'in shi ne ba a gama bututu a shiga ɗaya. Ana fara da gami mafi zafi, a liƙa sassan farko, sannan a sauko mataki-mataki, ta yadda shiga ta biyu ba za ta narkar da ta farko ba. A bar tazarar aƙalla digiri 30 zuwa 50 tsakanin zafin liƙi na gaba da inda gamin baya ke fara narkewa. Haka aka yi wa sashen farko na na'urar hanzartawa ta Linac4 a cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da Janiba, mai tsawon mita 3 a gida uku: an fara haɗa manyan sassa huɗu na jan ƙarfe, daga baya aka liƙa bakunan ƙarfe marar tsatsa da gami mai ƙarancin zafi. Ka rubuta jeren tun ranar zane, ka kuma ajiye gami ɗaya mafi sanyi, irin su Incusil mai indiyom, saboda gyara.

Cusil ba ya kama ƙarfe marar tsatsa kai tsaye. Ɓawon kuromiyom da ke hana ƙarfen tsatsa shi ne ke hana gamin jiƙa shi. Ko a shafa wa wurin nikel na 'yan maikiron ta hanyar lantarki, ko a koma ga gami mai faladiyom ko Nioro. Tangaran na tagar da igiya ke shigowa ta ciki kuma sai an yi masa shafen molibdenom da manganis sannan nikel, ko a yi amfani da gami mai ɗan taitaniyom.

Mataki na 4: Sassaƙa da gashi

Ƙarfen da aka buga aka sassaƙa yana da takura a cikinsa, kuma zafi ne ke sakin ta. In ba a sake ta tun da wuri ba, a ranar liƙi za ta saki kanta, sashen ya murɗe. Saboda haka ake yin sassaƙar farko a bar rara, a gasa sashen a tanderu marar iska, a dawo a rage, wani lokaci a sake gasawa a zafin da ya kusa na liƙi, sannan a yi sassaƙar ƙarshe mai ɗaukar abu kaɗan. Fuskar cikin ɗaki da bakin lu'ulu'u ake gama ta idan ana son ta yi sheƙi kamar madubi. Fuskar mahaɗa kuwa ba ta bukatar wannan; ɗan sawun injin da ba a ji da farce yana taimaka wa gami ya bazu.

Man sanyaya bakin inji kada ya ƙunshi farar wuta ko silikon. Kada a taɓa sashen da takardar yashi ko dutsen wasa wuƙa, domin jan ƙarfe yana da laushi, tsakuwar tana nutsewa a cikinsa ta zauna. Ƙarfe marar tsatsa shi ma ana gasa shi daban. A CERN digiri 950 na awa 2 suke yi, don fitar da haidirojin da ke cikinsa.

Mataki na 5: Wanki

Da fari a cire maiƙo da sabulun masana'antu a bahon da ke girgiza ruwa da sauti. A ɗauraye da tataccen ruwan da aka cire wa gishiri. A tsoma a ruwan asid mai sauƙi na ɗan lokaci don cire ɓawon da iska ta yi wa ƙarfen. A riƙe agogo, don kowace daƙiƙa tana cin ƙarfe, kuma mun ga abin da maikiron ɗaya ke yi. A sake ɗauraya sosai, a bi da barasar ɗakin gwaji, a busar da busasshen naitirojin. Wayar gamin ma a goge ta. Mai aikin asid ya sa kariyar ido da ta hannu, a kuma yi shi inda ake zuƙe hayaƙi.

Gwaji mai sauƙi: zuba tataccen ruwa a fuskar. In ya shimfiɗu bai ɗaya, ta wanku. In ya tsinke ya taru ɗigo-ɗigo, da sauran maiƙo. Daga nan ba mai taɓa sashen sai da safar hannu marar hoda. Yatsa ɗaya da ya taɓa shi, bayan an fito daga tanderu za ka ga zanen yatsan ɓaro-ɓaro a jikin ƙarfen, ya zauna ke nan. Kada kuma a wanke yau a liƙa mako mai zuwa. In dole a jira, a ajiye cikin naitirojin.

Mataki na 6: Jerawa

Ana yanka wayar daidai zagayen kwarmi, a lanƙwasa ta a kan wani abu mai faɗi iri ɗaya, a kwantar da ita da ɗan matsi na roba ko na tangaran. Bakunanta biyu su haɗu ba tare da ɗaya ya hau ɗaya ba, kuma kada ta ɗago sama da fuskar mahaɗa. In ta ɗago ko kaɗan, ɗakin da ke sama zai zauna a kan waya ne, ba a kan ƙarfe ba. Idan ta narke sai ya faɗo, ba lallai ya faɗo daidai ba. Kafin a ɗora na gaba, mutum na biyu ya duba ya sa hannu a takarda cewa waya tana nan. Mantawa da waya ɗaya a jeren ɗakuna tamanin abu ne da ke faruwa.

Yawanci a tsaye ake jera ɗakunan, a daidaita su a jikin madaidaicin dutse ko ƙarfe mai kwari, sannan a ɗora nauyi a sama. Nauyin ya isa ya danne mahaɗa, amma kada ya yi yawa, don a digiri 800 jan ƙarfe ya yi laushin da ɗakunan ƙasa za su iya lotsawa. Kada a ɗaure da kusoshi ƙam; sashen yana bukatar wurin miƙewa. Duk inda jan ƙarfe zai taɓa wani ƙarfe na madogara, a sa girafait ko alumina a tsakani, in ba haka ba za su manne ko babu gami. Cibiyar Paul Scherrer ta Suwizalan ta kai daidaiton sassaƙa da jerawa matsayin da bututun na'urarta ta SwissFEL, masu mita 2 da ɗakuna 113, ba sa bukatar saiti bayan liƙi. Yawancin masana'antu ba su kai nan ba, don haka suna barin wurin saiti a bangon kowane ɗaki.

Wayoyin auna zafi a jikin aikin ake sa su, ba a sararin tanderu ba: ɗaya a sashe mafi kauri, ɗaya a mafi siranta, sama da ƙasa da tsakiya. A sa kuma ɗan samfuri mai mahaɗa iri ɗaya a gefe, wanda za a yanka daga baya.

Mataki na 7: Wuta

Tanderun da ya dace shi ne mai hita da garkuwar molibdenom, da famfo marar mai. A zuƙe iska har matsinta ya sauko ƙasa da milibar 10⁻⁵ kafin a kunna hita. A hau a hankali, digiri 3 zuwa 5 a minti ga matsakaicin sashe, ƙasa da haka ga babba. Tsakanin 300 da 400 allurar matsi za ta tashi, don ruwa da sauran abin da ya maƙale suna fita. A tsaya har ta sauko.

Ga Cusil, tsayawa ta biyu ita ce mai muhimmanci: a wajen 740 zuwa 750, ƙasa kaɗan da narkewa, a jira har duk wayoyin awo su zo kusa da juna, bambancin bai wuce digiri 5 ba. Wannan na iya cin rabin awa ko fiye. In aka yi gaggawa, gamin zai narke a ɓangaren da ya riga yin zafi ya gudu can, ya bar ɗaya gefen a bushe. Daga nan a hau da ɗan sauri zuwa 800 ko 820, a tsaya 'yan mintoci kawai bayan wurin da ya fi sanyi ya kai. Idan tanderun yana da taga, za ka ga wani siririn layi mai ƙyalli ya ɓullo a bakin mahaɗa ya zagaye ta cikin daƙiƙoƙi. Da ya rufe zagaye, aiki ya yi. Ƙarin lokaci ɓarna ne: azurfa tana tashi tururi a wannan zafi, narkakken gami yana cin jikin jan ƙarfe, yana kuma bin tsakanin tsabarsa ya bar mahaɗa da ramuka. A liƙin zinariya da ya haura 1,000, jan ƙarfen kansa yana fara tashi, shi ya sa wasu ke sakin ɗan argon a ciki, wasu kuma, kamar SLAC, suka fi son tanderun haidirojin.

A sauko da sauri har ƙasa da 780 don gami ya daskare, sannan a bar shi ya huce a hankali, musamman in akwai tangaran. Kada a buɗe sai zafi ya sauko ƙasa da 100, gara ma 50, kuma da busasshen naitirojin ake cika tanderun, ba iskar ɗaki ba. Ɗaukewar wuta ko tsayawar ruwan sanyaya a tsakiyar wannan zagaye na iya kashe aikin da tanderun baki ɗaya, don haka janareta da tankin ruwa na ko-ta-kwana suna cikin kayan aiki.

Mataki na 8: Bincike

Sashen da ya fito lafiya launinsa ja ne mai haske, tsabarsa ta yi manya har ana ganin ta da ido. Duhu ko shuɗi-shuɗi a jikin ƙarfe marar tsatsa alama ce iska ta shiga tanderu. A duba kowace mahaɗa daga waje, a zura kyamarar bututu a duba ciki: layin gami ya zagaye ba yankewa, bai kuma malalo ba.

Sai gwajin yoyo. A zuƙe iskar bututun, a haɗa shi da na'urar shinshinar hiliyom, a riƙa fesa hiliyom kaɗan-kaɗan a kan mahaɗa, daga sama zuwa ƙasa tunda shi sama yake tashi. Abin da ake nema shi ne kada a ga komai a matakin 10⁻¹⁰ na milibar-lita a daƙiƙa. Hanyoyin ruwa a gwada su da matsin da ya fi na aiki. Samfurin nan a yanka shi a duba a madubi. Manyan mahaɗai kuma ana leƙa cikinsu da sautin da kunne ba ya ji.

Daga ƙarshe a auna saitin. Ana jan ɗan ƙaramin ƙarfe a kan zare ta tsakiyar bututun, na'ura tana karanta yadda kowane ɗaki ke amsawa, a ɗan lotsa bangon ɗakin ciki ko a ja shi waje har ya zo daidai. A rubuta zafin ɗakin awo, domin digiri ɗaya yana gusar da saiti da kusan kilohaz 50.

In an sami yoyo, kada a shafa wani manne. A sake wankewa, a sa gamin gyara da aka ajiye, a mayar tanderu. Sau ɗaya, ko biyu in ta matsa. A tuna kuma jan ƙarfen da ya sha wannan wuta ya yi laushi ƙwarai: dogon bututu zai iya lanƙwashewa da nauyin kansa in aka ɗaga shi ta baki biyu. A kwantar da shi a kan madogara mai tallafe tsawonsa duka, a cika shi da busasshen naitirojin, a rufe bakunan, sannan a kai shi wurin gashin ƙarshe da gwajin wuta mai ƙarfi.